Dankure Ya Tafi Ƙetare

A unguwarmu ta Gesse, wanda bai san fuskar Dankure ba ya san muryarsa. Shagon kwafin takardu gare shi a bakin titi, inji ɗaya da benci ɗaya, amma ya sa an rubuta masa Ofishin Manaja a jikin ƙofa. Shekara shida muna maƙwabtaka, kuma ban taɓa jin an ambaci wani abu a duniya ya ce bai iya ba. In ana hirar kamun kifi, ya taɓa kama giwan ruwa da hannu ɗaya a Argungu. In aka koma hirar jirgin sama, saura kaɗan ya zama matuƙi, baki ne kawai aka yi masa. Abu guda ne in aka ambata sai ka ga ya tuna yana da aiki a cikin shago, wato lauje.

Matarsa Luba 'yar Gulma ce, can ƙasar Argungu, kuma mahaifinta Baba Yari manomin shinkafa ne na ji da gani. Duk kaka yakan kira gayyar yanka, mazan 'ya'yansa su hallara kowa da laujensa, a wuni ana aiki, a ci tuwo a watse. Surukai huɗu gare shi. Uku ba su taɓa fashi ba. Na huɗun kuwa shekarar farko bayansa ya riƙe, ta biyu inji ya lalace, bara kuma ya ce an kira taron manajoji. Ko hanyar gonar bai sani ba. Iyakarsa zauren gidan, shi ma sai da salla, in an bi da shi a mota ta gadar Argungu.

Bana Luba ta gaji. Ranar Litinin ta fito da jaka a kai, ta tsaya a bakin shagon muna zaune a benci.

"Dankure, ran Assabar aka gayyar Baba. Na gaji da jin kunya gaban ƙannena. In ka taho, mu komo gida tare. In ba ka taho ba, kak ka aiko kowa biko, don ba ni komowa."

Wallahi a kan idona ƙaryar ta zo masa. Ya waiga hagu, ya waiga dama, idonsa ya sauka a kan wani tsohon keke da ke rataye a rumfar Shadrach, mai gyaran keke da babur da ke jikin shagonsa.

"Haba Luba, ai da na so ƙwarai. Sai dai ran Assabar ɗin nika tashi zuwa ƙetare."

"Wane ƙetare?"

"Ƙasar waje mana. Yamai. Bisa keke, irin yadda Turawa ka yi in sun tahi hutu."

Luba ta dube shi tun daga hula har takalmi, ta ce Allah shi kiyaye hanya, ta tsayar da ɗan acaɓa ta wuce.

Shadrach mutumin Filato ne, mai son zaman lafiya. Ya ajiye sifana ya ce, "Oga Dankure, ka sayi lauje. Ya fi keke sauƙin tuƙi."

"Ku ba ku san mata ba," in ji Dankure. "Randa nid dawo da hotona bakin gadar Yamai, da kanta za ta kwaso kayanta. Wace mace ta ƙi mijin da yat tahi ƙetare da ƙahwa nai?"

Bakinsa ke nan. Amma ni da muke katanga ɗaya na san yana son matar nan kamar ransa. Kwana uku yana cin burodi da shayi, kuma duk sanda waya ta yi ƙara sai ya zabura ya duba ko ita ce. Girman kai ne kawai ya hana shi zuwa kasuwa ya sayi lauje, ya gwammace ya sayi keke.

Da Shadrach ya sauko da keken ya ce, "Giya ashirin da ɗaya aka rubuta, amma biyu ke aiki. Birkin baya babu. Na gaba kuma in ka matse da ƙarfi, kai za ka riga keken isa."

"Ni da ba tsayawa za ni yi ba, mi zan yi da birki?"

Priscilla, matar Shadrach, malamar firamare ce, ita ta ɗauki nauyin koya masa Faransanci da ɗan abin da ta tuna daga makaranta. A kwana huɗu ya haddace bonju, saba, marsi da wi. Da ta ce in ya ga dattijo ya kira shi mesiyo, sai ya gyara mata. Ya ce wani direban Kamba ya tabbatar masa a Nijar Mushe ake cewa, kuma ita kalmar girmamawa ce ta ƙarshe. Ya kuma sanar da mu cewa in ya kusa iyaka zai tura agogonsa gaba da awa uku.

"Nijar da mu lokaci ɗaya ne," in ji Priscilla.

"Malama, ƙasar waje da lokacinmu guda? To mi yas sa aka ce mata waje?"

Ranar Asabar da hantsi rabin unguwa ta taru. Dankure ya fito cikin wani wando na gwanjo mai kama jiki, wanda Priscilla ta rantse na mata ne, da hular kwano irin ta 'yan acaɓa, da baƙin tabarau, da takunkumi don ƙurar manyan motoci. Keken kuwa da ƙyar ake ganin tayarsa. An ɗaure masa katifa, tabarma, buta, fanka mai caji, gari, ƙuli-ƙuli, kilishi, da kwat ɗin da zai sa in jakada ya gayyace shi cin abinci. A can sama ya kifa babbar tukunyar Luba, mai jan murfi, ya ɗaure da igiya. Ya maƙala waya a kan doguwar sanda, ya yi alkawarin zai riƙa kiran Shadrach ta bidiyo mu ga duniya ta idonsa.

Ya yi jawabi mai tsawo, ya yafe wa kowa, ya ce ko da an ba shi sarauta a can ba zai manta da Gesse ba. Sannan ya ɗaga ƙafa ya hau. Tayar gaba ta miƙe sama kamar akuya ta hango ganye, Manaja ya zube ta baya a kan katifarsa.

"Gwajin katihwa nika yi," ya ce daga ƙasa.

Mu huɗu muka riƙe keken, aka ɗora shi, aka tura. Ya tafi yana layi, tukunya tana kaɗa masa ganga. A kwanar farko wata tunkiya ta gifta, ya matse birkin gaba, maganar Shadrach ta tabbata. Muka ruga muka ciro shi daga kwata, muka sake ɗorawa. Wannan karon bai yi jawabi ba.

Abin da ya faru a hanya, wani mun gani a waya, wani kuma waɗanda abin ya faru a gabansu suka ba mu daga baya. Shirinsa shi ne ya bi ta Argungu ya faɗa Doso ta Nijar. To, daidai Zauro mata sun shanya shinkafa a gefen kwalta. Wata tirela ta danna masa ham daga baya, ya kauce, ya hau kan shanya. Keke ya yi gabas, Dankure ya yi yamma, sarƙa ta tsinke, shinkafa ta watse har tsakiyar titi. Wata tsohuwa ta taso da muciya.

"Kai wane irin aljani na? Makaho kake?"

"Inna, yi haƙuri, matahiyi na. Ƙetare za ni."

"Ko lahira za ka, sai ka tsince min shinkahwata!"

Haka mai zagaya duniya ya durƙusa da tsintsiya a bakin titin Zauro, hular kwano a kai, yana shara mata suna nuna masa inda ya rage. Gilashin wayar ya tsage daidai kusurwar da ke nuna lokaci, lasifikarta kuma ta mutu. Daga nan muna ganinsa muna jinsa, shi ba ya jin mu. Ga wanda ya san Dankure, wannan bai canza komai ba.

Yana tsaye da tsinkakkiyar sarƙa a hannu sai ga wata a-kori-kura cike da buhunan da babu komai. Direban, wani mai suna Ja'afar, ya leƙo.

"Maigida, ina zuwa?"

"Ƙetare."

"To hau mana. Ni ma bakin mashaya za ni in kai buhunna. Yau kowa ƙetare ya nuhwa, tun da sahe mutane ka hayewa."

Dankure bai ji daɗin jin cewa ƙasar waje ta zama ta kowa ba, amma ya hau. Abin da bai sani ba, ko ya sani ya manta don zaman birni, shi ne mutanen bakin gulbi in sun ce ƙetare, wancan gefen ruwa suke nufi, inda kake hango shanu suna kiwo. Ya miƙe a kan buhuna, ya cinye kilishin da ya tanada na mako biyu, ya tura agogonsa gaba da awa uku don kada ya manta, barci ya kwashe shi.

Rabin awa Ja'afar ya yi yana ratsa fadama. Da ya tsaya ya bubbuga jikin mota, Dankure ya farka ya duba agogo, ya ga awa uku da rabi sun wuce. Ya manta sarai da hannunsa ya tura. Ya ɗaga kai ya ga ruwa shimfiɗe, ga kwalekwale a gaɓa. Nan take ya kira mu.

"Jama'ar Gesse, ga ni bakin iyaka! Wanga ruwa da kuka gani, shi ya raba mu da ƙasar waje."

Muna rumfar Shadrach mun kai mu goma sha, kai a haɗe a kan waya. Priscilla ta duba agogonta ta ce sha ɗaya da kwata, ko jirgi ya hau bai isa Nijar ba. Shadrach ya ce wannan ai gulbinmu ne, bari ya rubuta masa saƙo. Ni na riƙe hannunsa. Ban ɓoye ba, kuma ban yi nadama ba. Shekara shida ina sauraren giwan ruwan nan, na ga ina da haƙƙin in ga ƙarshen wannan.

Mai kwalekwalen wani dattijo ne siriri, Isuwa, yana zaune yana ɗinkin komar kamun kifi.

"Ina za ka?"

"Ƙetare."

"Shiga."

Dankure ya zaro fasfo daga cikin riga, ya miƙa da hannu biyu. Isuwa ya juya shi gaba da baya, ya mayar masa.

"Mi an nan?"

"Fasfo na. Ba ku dibawa?"

"Shekara arba'in ina hayar da mutane, ba wanda yat taɓa ba ni littahi."

Dankure ya matso da baki kusa da waya ya rage murya. "Kun ji ko? Ɓarauniyar hanya ta. Sai wanda yas san manya aka biyowa da shi nan." Ya juya ga Isuwa. "To ko hatimi ba a bugawa?"

Yana rufe baki ƙafarsa ta nutse cikin laka har gwiwa. Da aka zaro ta, takalmi ɗaya ya zauna a ciki.

"Ga hatiminka nan," in ji Isuwa.

Aka loda keke aka tura. A tsakiyar ruwa Dankure ya miƙe tsaye zai ɗauki hoton bankwana da Najeriya. Kwalekwale ya karkata, fanka mai caji ta yi tsalle ta faɗa ruwa, kwat ɗin ganin jakada ya bi ta.

"Zamna! Kai, zamna kak ka kihe mu!"

Mutumin da ya kama giwan ruwa da hannu ɗaya ya zube ya rungume ƙafar Isuwa da hannu biyu yana salati. Mu dai sama kawai muke gani a waya, da muryar Manaja yana tambaya ko akwai kada. Isuwa ya ce ruwan nan in ya sauka iyakarsa ƙirji, amma Dankure bai saki ƙafar ba sai da suka taɓa gaɓa.

Yana sauka ya dawo Dankurensa. Ya shaƙi iska ya ce ko ita daban take. Wasu Fulani mata suka zo wucewa da ƙoren nono, ya ɗaga musu hannu ya ce, "Bonju!" Suka tsaya suka dubi wandon, suka dubi ƙafa ɗaya da takalmi ɗaya babu, suka yi ta magana da Fulatanci suna dariya har ɗaya ta dafa 'yar'uwarta.

"Kun ji?" in ji Dankure. "Nan har Hillaninsu da Faransanci suka magana. Marsi, marsi!"

Ya tura keke ya bi wata 'yar hanya, yana jiyo ganga. Da ya ɓullo daga cikin dogayen ciyayi sai ga gona iya ganin ido, shinkafa ta nuna ta sunkuya. Maza sun fi talatin a jere suna yanka, kowa da malafa, kowa ya naɗe hanci da baki da ƙyalle saboda ƙaiƙayi. A gindin wata bishiya wani dattijo yana zaune a kan buhu, shi ma fuska a naɗe, yana kallon aiki. Dankure ya jingine keke, ya gyara tabarau da takunkumi, ya nufe shi kai tsaye, ba sallama ba durƙuso.

"Bonju, Mushe!"

Ganga ta tsaya. Lauje talatin suka tsaya. Wani ƙato ya yunƙuro zai yi magana, amma wani dogo da ke kusa da dattijon ya daka masa harara ya sa yatsa a baki. Wannan dogon Ikrama ne, yayan Luba. Bai ga fuska ba, amma muryar nan ko a cikin rijiya ya ji ta ya san mai ita. Dattijon kuma ya ɗaga hannu kaɗan, kowa ya yi tsit.

"Wi, wi," in ji Ikrama.

Daɗi ya kama Dankure. Ya juya sandar waya ya nuna mana gonar, ya saki baki da Hausa, tunda a ganinsa babu mai ji.

"Jama'a, ku dibi gona! Wagga ita ag gona. Ba irin ɗan hilin surukina na Gulma ba, da in an shimhiɗa tabarma ukku sun ruhe shi, amma duk shekara sai ya tara mutane awa za a yi yaƙi. Tsohon nan rigima gare shi, ba ku sani ba. Ku dibi wanga dattijo kuwa, ga kamala, ga natsuwa. Da irin shi Allah ya ba ni suruki, ai da na huta."

A rumfar Shadrach kuwa, Priscilla ta toshe baki da gefen zane.

"Kuma ni da kuka gani, wagga gona duk girmanta, a ba ni lauje, kahin la'asar na kwantar da ita ni ɗai. Abin da yas sa ba ni zuwa gayyar Gulma, tausai nika ji. Kada in tahi in kunyata sauran surukai, su da ƙyat suka ɗaga lauje."

Sauran surukan uku suna tsaye a sahun gaba, taku biyar daga inda yake.

Ya miƙa wa Ikrama sandar waya da alamar ya ɗauke su hoto. Ikrama ya karɓa da ladabi ya ce saba. Dankure ya zauna a kan buhu, kafaɗa da kafaɗa da dattijon, ya ɗora masa hannu a wuya kamar abokin ƙwallo, ya ɗaga yatsu biyu.

Daidai nan mata suka iso da abincin gayya, kwanuka a kai. Ta gaban ta tsaya cak a gaban keken. Ta sauke kwano, ta taɓa jan murfin nan, ta juyo.

"Wa ab ba ka tukunyata?"

Dankure ya ɗaga tabarau.

"Luba! Mi kika yi Nijar?"

"Wace Nijar?"

"Nan ba ƙetare na ba?"

"Ƙetare na mana, ga wanda yat taho daga Zauro. Gonar Baba ta wagga. Ga rumbunan Gulma can kana hange."

Dankure ya hangi rumbuna. Ya dubi Luba. Sannan a hankali, kamar mai tsoron taka maciji, ya juya ya dubi mutumin da hannunsa ke wuyansa. Dattijon ya sa yatsa ya sauke ƙyallen fuskarsa.

"Mushe na gaishe ka," in ji Baba Yari.

Ban san yadda Dankure ya bar kan buhun nan ba, sai ganinsa muka yi a ƙasa. Ya durƙusa da ƙarfi, wandon gwanjo ya yi wata ƙara da har mu a Gesse muka ji. Ya cire takalmin da ya rage, ya kama igiyar hular kwano ta ƙi kwancewa.

"Baba, bonju, a'a, ina kwana, ina wuni. Baba, wallahi wani suruki nika nuhi."

"Surukai nawa gare ka Gulma?"

Sai gonar ta fashe. Maza suka zube a kan dami suna riƙe ciki, mai ganga ya kama kiɗa, mata suka saki guɗa. A wajenmu Shadrach ya faɗo daga kan benci. Luba kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta tsaya hannu a ƙugu, idonta ya cika da hawaye, don ita kunyar a kanta ta sauka, a gaban ƙannenta da mazansu.

Baba Yari ya bari aka lafa, sannan ya ce, "Luba, mi kic ce mai?"

"Na ce in ya taho ran Assabar mu koma tare."

"Yau wace rana ta?"

"Assabar."

"To ya taho. Ba ruwana da hanyar da yab biyo."

"Baba, ba gayya yat taho ba. Gudunta shika yi, Allah ya kamo shi."

"Gaskiyarki." Tsohon ya jawo laujensa daga gefen buhu ya ajiye a gaban Dankure. "Jama'a, ku taho inuwa mu ci tuwo. Baƙonmu na ƙasar waje ya ce kahin la'asar shina kwantar da ita shi ɗai. Kak kowa ya kama mai, kada mu kunyata shi."

Luba ta ce, "In ya aje laujen ga kahin la'asar, shi koma shi ɗai."

Aka ba shi wani tsohon buhu ya ɗaura a ƙugu saboda abin da ya sami wando. Ya shiga gona ya kama lauje ta baki, sai da Ikrama, wanda har yanzu yake riƙe da waya don kada mu rasa komai, ya ce, "Mushe, juya shi." Ya juya. Ya kama shinkafa ya ja, ta tumɓuke da saiwa da laka ta watsa masa a tabarau. Ƙaiƙayi ya bi ta cikin wandon nan mai kama jiki, ya riƙa yanka ɗaya susa uku. Surukan nan uku suka zauna a gaba da malmala a hannu suna ba shi shawara, ɗaya yana cewa a yi masa a hankali, tausayinsu yake ji.

Da aka gama cin tuwo mutane suka koma aiki ta ɗaya gefen, aka bar shi a kusurwarsa. Dariya ta ƙare, rana ta tsaya a ka. Mu a rumfa mun zaci minti goma zai yi ya ce bayansa ya riƙe. Bai ce ba. Tafin hannunsa ya yi bororo ya fashe, ya naɗe da takunkumi ya ci gaba. Sau biyu yana zubewa a gwiwa, amma laujen bai taɓa ƙasa ba. Da aka tsaya sallar azahar ma, a ƙugu ya soke shi.

Can Luba ta ɗauki moɗa ta ratsa gona ta miƙa masa. Ikrama ya matsa da waya, don shi ma ba ya da kirki. Dankure ya sha, ya sunkuyar da kai, ya yi magana da wata ƙaramar murya da ban taɓa sanin yana da ita ba.

"Luba, ban iya ba. Ban taɓa riƙa lauje ba tunda aka haihe ni."

"Na sani. Baba ya sani, kowa ya sani. Wa ya ce sai ka iya? Zuwa dai aka biɗa."

Ta gyara masa riƙon, ta nuna masa yadda ake kama dami a ja lauje ƙasa-ƙasa, ta koma inuwa.

Da aka kira la'asar Baba Yari ya taso ya zo duba aiki. Ya tsaya ya kalli ɗan wurin da Dankure ya yanke, ya sa aka kawo tabarmi uku daga gindin bishiya aka shimfiɗa. Biyu suka rufe wurin, ta uku ta hau kan shinkafar da ke tsaye.

"Saura kaɗan ka gama gonar surukinka," in ji tsohon. "Baɗi ka taho da wuri ka cika ta ukkun."

Sannan ya karɓi laujen da hannunsa, ya ce Allah shi yi albarka, ya sa aka zuba masa tuwo. Dankure ya ci da cokali saboda hannu, kuma har ya gama bai ce ya taɓa cin wanda ya fi shi ba.

Da yamma suka gangaro mashaya, Luba a gaba da jakarta da tukunyarta, Dankure a baya yana tura keke, buhu a ƙugu. Isuwa ya ɗaga kai daga komarsa.

"A'a, mai littahi! Har an dawo? Ina zuwa kuma?"

"Ƙetare," in ji Luba.

Dankure ya buɗe baki.

"Yi shiru ka shiga," ta ce. "Kuma ka zamna."

Washegari muka taru a benci tun da wuri, kowa ya wasa bakinsa. Dankure ya fito hannu biyu a naɗe da tsumma, yana tafiya kamar wanda aka yi wa kaciya. Daga cikin gida ana jiyo ƙamshin miyar Luba. Ya zauna a hankali, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Cikinku wa at taɓa zuwa ƙetare sau biyu rana guda, tahiya da dawowa, kuma ya komo da mata?"

Muka dubi juna. Abin da ya fi ba ni haushi har yau shi ne, a shekara shida wannan ce cika bakin Dankure ta farko da babu wanda ya isa ya ce ƙarya ce.